Kunnen Dama: Yadda Nake Koyon Ji Bayan Dashen Na'ura

24 Nuwamba, 2024

Ranar Litinin da ta wuce aka yi mini aikin, a kunnen dama. Tun washegari aka kwance naɗin kai, ɗinkin bayan kunne kuwa yana nan, an hana ruwa ya taɓa shi. Likitar ji ce ta ce in riƙa rubuta abin da na ji da wanda ban ji ba, don da shi za ta riƙa saita na'urar. Ni kuma na duba duk Nima da Mamobi, unguwanninmu na nan Accra a Ghana, ban sami wanda aka taɓa yi wa ba balle in tambaye shi, to bari wannan rubutu ya yi wa na baya amfani.

Ni malamin makaranta ne, aikina sauraren karatun yara. A ƙarshen Fabrairun bana na je ta'aziyya garin Wa da ke arewacin Ghana, lokacin zafi da ƙura, na dawo da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sandare. Sanƙarau ne. Allah ya tashi kafaɗata, amma na bar gadon asibiti ba na jin komai da kunnuwan duka biyu. An gwada mini na'urar ƙara sauti irin wadda tsofaffi ke sawa, ba ta tsinana komai ba. Dalilin da aka ba ni shi ne, can cikin kunne akwai wani ƙashi mai naɗi da ake kira katantanwa, cike da ruwa, da 'yan ƙwayoyin gashi kimanin 15,000 masu mayar da girgizar sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Cutar ta kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Komai ƙarfin da aka ƙara wa sauti, babu mai karɓarsa. Shi dashe tsallake su yake yi: a huda ƙashin bayan kunne, a zura siririyar waya cikin katantanwar, ta riƙa taɓa jijiyar da ɗan lantarki kai tsaye.

Ga abin da nake so duk mai ɗan'uwan da sanƙarau ya taɓa ya sani. Bayan cutar, katantanwa takan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan watanni kacal, idan kuwa ta cike wayar ba ta samun hanya. Hoton da aka ɗauka ya nuna tawa ta hagu ta riga ta fara toshewa, ta dama ce da sauran dama. Likitan tiyata a takarda ya rubuta mini cewa ba mu da lokacin jira. Kuɗin kuwa ba irin wanda malamin makaranta ke tarawa ba ne. Yayana da ke Amurka, ƙannen uwargida da ke Jamus, tsofaffin ɗalibaina, jama'ar masallacinmu, har matan da ke adashi da uwargida suka bar mata kwasar da ba tata ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya saka wa kowa da alheri.

A yanzu jiri nake fama da shi, a zaune nake salla. Koko da ƙosai ɗanɗanon ƙarfe suke yi mini a gefen harshe, wai jijiyar ɗanɗano ta ratsa ta wurin da aka yi aikin, kuma yakan wuce. Maƙwabta suna shigowa dubiya suna ɗaga murya, suna zaton an gama. Ba a kunna komai ba tukuna, sai rauni ya warke kumburi ya saɓe.

8 Disamba, 2024

Jiya aka yi zaɓe, yau gari ya kaure da murna. Daga bakin ƙofa na ga samari a kan babura suna busa vuvuzela, kumatu a kumbure, mata suna kaɗa gyale, ni kuwa tsit. Ta tafin ƙafa kawai nake jin dukan manyan lasifikoki. An cire ɗinki, jirin ya ragu, na koma salla a tsaye.

12 Disamba, 2024

Yau aka kunna.

Likitar ji ta rataya mini ɗan inji a bayan kunne, ta ɗora faifan da ke manne wa kai da maganaɗisu daidai inda ɓangaren da aka dasa yake kwance ƙarƙashin fata, ta haɗa da kwamfuta. Wayar da ke cikin kunnena tashoshi 22 gare ta. Akwai masu 16, akwai masu 12. Ɗaya bayan ɗaya ta bi su. A kowace tasha sai in ɗaga hannu idan na ji ɗan ƙyas, sannan ta yi ta ƙarawa har in nuna mata a kati cewa ya yi ƙarfi amma bai dame ni ba. Waɗannan iyakoki biyu na kowace tasha su ne saitin. Da ta gama sai ta dube ni, ta buɗe su gaba ɗaya.

Ba murya na ji ba. Fito ne da ƙugi da tsuwa, kamar lokacin da Baba ke murɗa rediyo da asuba a gajeren zango yana neman BBC bai kai ga tashar ba. Uwargida ta matso ta ce, "Malam, kana ji na?" A leɓenta na karanta. A kunne kuwa gaɓoɓin maganar ne suka zo, ƙil, ƙil, ƙil, daidai da motsin bakinta, babu kalma ko ɗaya a ciki. Babbar 'yata ta yi magana, ita ma haka, siririyar murya guda babu bambanci da ta uwarta. Da na amsa sai muryata ta firgita ni, ban san ta ba.

Likitar ta zana mini dalilin. Katantanwa a jere take karɓar sauti: bakinta na siraran sautuka ne, can ƙuryar naɗin kuma na masu kauri. Wayar ba ta kaiwa ƙarshen ƙuryar, saboda haka murya mai kauri takan sauka a mazaunin siririya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki watanni tana gyara lissafinta. Ga shi kuma tashoshi 22 ne ke aikin dubbai.

Na sha ganin bidiyo a Facebook, a kunna wa mutum ya fashe da kukan murna. Ba na ƙaryata su, amma ni da nauyin zuciya na dawo gida, kuma ina so wanda za a kunna wa ya san hakan ma yana faruwa. Da dare ɗana ya nemo mini tarihin abin. A Disambar 1977 aka dasa mai tashoshi da yawa a Viyana, wadda Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera, a 1978 kuma Graeme Clark ya dasa tasa a Ostareliya, shi da ya tashi yana ganin wahalar da mahaifinsa ke sha da rashin ji. A lokacin masana da yawa sun ce 'yan wayoyi kaɗan ba za su taɓa ɗaukar magana ba. Da abin da na ji yau, na fahimci dalilinsu. Amma mutane fiye da miliyan ɗaya ne ke ɗauke da ita a duniya yanzu, kuma da yawansu suna magana a waya. Umarnin likita ɗaya ne: daga tashi barci har kwanciya kada in cire.

21 Disamba, 2024

Abin da na fara ganewa ba tare da na duba ba shi ne ruwa yana zuba daga buta. Sai jan silifa a tsakar gida, sai ƙofar langa-langa. Kiran salla na gane shi da tsawon jan numfashin ladan da inda yake tsayawa, kalmomin ban same su ba, amma na tsaya cak a lungu har ya ƙare.

Akwai kuma masu azabtarwa. Leda ita ce kan gaba; yaro ya murza ledar ruwan sanyi kusa da ni sai in ji har cikin haƙori. Kwanuka idan ana wanke-wanke, cokali a kofin shayi. Kafin la'asar na gaji liƙis, gajiyar da ban taɓa yi ba ko a ranar saukar karatu, don kowane sauti sai na tsaya na tambayi kaina mene ne.

Salla ta zo da nata tambayoyin da babu su a takardar da aka haɗo da na'urar. Wajen alwala cire ta nake yi in sa a aljihu, in yi shafar kai da kunne, in goge wurin da kyau kafin in mayar. A sujada faifan ya yi ta faɗuwa, ji ya ɗauke a tsakiyar raka'a. Likita ta sa maganaɗisu mai ɗan ƙarfi, ta ce in sa uwargida ta riƙa duba wurin, idan fata ta yi ja ko tana zafi to ya yi ƙarfi da yawa, a koma na da. Hula mai tauri tunkuɗe faifan take yi, hular saƙa mai taushi kuwa riƙe shi take, ita na koma sawa. Telan unguwarmu ya ɗinka mini ɗan madauki a wuyan riguna inda nake maƙala zaren tsaro. Da dare idan na cire, duniya ta ɗauke ɗif. Kiran asuba ba ya iso ni, uwargida ce ke taɓa ƙafata.

11 Janairu, 2025

An sake saiti. Iyakokin da suka yi mini ƙarfi a Disamba yanzu sun yi rauni, aka ɗaga su. Biyu daga cikin tashoshin suna sa gefen idona rawa duk lokacin da sauti ya yi ƙarfi, lantarkin ne ke tsallakawa zuwa jijiyar fuska da ke maƙwabtaka da wurin. Ta kashe su, rawar ta tsaya.

Aikin gaske a gida yake, kuma a nan ne na ga giɓin da ya fi damuna. Duk darussan koyon ji da ke cikin waya da littafin da aka ba ni da Turanci suke. Malamar da ke horar da ni kuwa, harshen Twi da Turanci take ji, kuma ba ta ɓoye mini ba: ta ce kalmomin da zan koya su fito daga bakin mutanen gidana, da harshen da nake rayuwa a ciki. Babbar 'yata ta ɗauki nauyin. Kullum bayan asuba takan rufe bakinta da faifai ta furta sautuka shida da ake gwada na'ura da su, mm, uu, aa, ii, sh, ss, in maimaita. Sun ratsa daga mai kauri zuwa siriri, idan ɗaya ya ɓace mun san akwai tashar da ke son gyara. Daga nan sai jerin da ta rubuta da kanta: sunayen unguwanni kamar yadda yaran trotro, motocin haya na cikin gari, ke kira, Madina, Kotobabi, Fadama, Sabon Zango, kayan miya, sunayen 'yan gidanmu. Da farko daga cikin uku nake zaɓa, yanzu daga cikin goma.

Tsawon wasali ba ya ba ni wahala, garin da ake zama da garin tuwo ina raba su, don na'urar ta iya kawo tsawo da gajarta. Hawa da saukar murya ne ba ta kawowa sosai. 'Yata ta ce kuka, ban san na yaro ba ne ko na miya. Ta ce wuya, ban san na jiki ba ne ko na rayuwa. A cikin jimla ma'ana takan cece ni, a kalma ɗaya tilo kuwa sai canki. Malamar ta ce masu jin Sinanci da aka yi wa dashe suna kokawa da wannan, kuma harsunan Twi da Ga na nan Ghana ma haka suke. Wanda ya ƙera na'urar da kunnen Bature ya auna ta, harsunansu ba su rataya ma'anar kalma a karin sauti ba. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, amma mu da muke da irin wannan harshe sai mun ƙara namu zufan.

"Baba, kada ka dubi idona, kana karanta amsar a fuskata," in ji ta yau. Gaskiyarta. Yanzu ta baya take zama, ta ɓangaren dama.

5 Fabrairu, 2025

Laraba, ranar kasuwar Nima. Na shiga da gangan don in gwada kaina, ɗana yana gefena. A ɗaki shiru ina kama rabin magana ko fiye, a nan kuwa komai ya cakuɗe: masu albasa daga Nijar, masu kaya a ka suna neman hanya, lasifikar mai maganin gargajiya, injin niƙa. Kunne mai lafiya yakan zaɓi murya ɗaya ya bi, na'ura kuwa duk abin da ya shiga makirufo kawowa take. Lissafin kuɗi ya fi komai wuya, sittin da saba'in da tamanin duk ƙarshensu ɗaya, sai na ce a nuna mini da yatsu, kuma babu wanda ya ɓata rai.

Abin da ya fi ba ni tsoro a titi ne. Da kunne ɗaya ba a sanin inda sauti ya fito. Na ji hon ɗin okada sarai, amma gaba ne ko baya, dama ko hagu, ban sani ba. Ɗana ne ya ja hannuna. Daga yau ba na tsallaka babban titin Nima da kunne, da ido nake tsallakawa kamar lokacin da ba na ji.

3 Maris, 2025

Azumi ya kama. Bara a gadon asibiti ya same ni.

Tarawihi a ƙaramin masallacinmu ta zame mini makaranta. Ina tsayawa sahun farko, liman ta damana. Surar da na haddace tana zuwa tangaram, harafi bayan harafi, har na yi zaton kunnen ne ya buɗe gaba ɗaya. Da aka idar liman ya juyo yana sanarwa da Hausa sai na rasa rabi. Ashe hadda ce ke cike gurbin da na'ura ta bari. Malamar horo ta ce wannan ita ce hanya mafi kyau ta koyar da ƙwaƙwalwa, a saurari abin da aka riga aka sani, don haka kullum bayan sahur nakan kunna karatu a waya ina bi da Mus'hafi a buɗe. Ranar Juma'a da ta wuce na je Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda. Girman ƙubbar da ke faranta ido shi ne ke dawo da sauti sau biyu sau uku, amsa-kuwwa kuwa na'ura ba ta iya warware ta. Huɗubar ta wuce ni. Wajen tafsiri na sami dabara: akwai ɗan makirufo da ke aika murya kai tsaye zuwa na'urata, na roƙi malam ya maƙala a rigarsa, ya karɓa da fara'a.

Yau ce kuma ranar ji ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa. Ni ba miliyoyin nake gani ba, wasu samari kurame nake gani da ke zama a gefen masallacinmu bayan salla suna hira da hannu. Shekaru ina wuce su da ɗaga hannu kawai. A watannin da na yi babu ji, su ne suka fara matsa mini wuri, suka koya mini alamar gaisuwa da ta godiya. Biyu daga cikinsu a makarantar kurame ta Mampong-Akuapem suka yi karatu, wadda asalinta Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya kafa a Osu a 1957. Suna da harshe cikakke, suna da sana'a, ɗaya kafinta ne ɗaya tela, kuma ba sa kallon kansu a matsayin marasa lafiya. Dashe ba na kowa ba ne. Ni na yi shekara arba'in da wani abu ina ji, ƙwaƙwalwata ta san abin da take nema. Wanda aka haifa babu ji kuwa, sai an yi masa tun yana ƙarami sosai, cikin shekarun farko, kafin ƙofar koyon magana ta rufe.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran da ke cikin gidajenmu na Zango, ba dashe, ba makaranta, ba harshen hannu. A ce nauyin baki ne zai yi magana in ya girma, ko a ce iska ce. Ni malami ne, na san darajar addu'a da rubutu, amma yaron da ya shekara ba ya juyowa idan an kira shi, a kai shi a gwada kunnensa. Akwai sashen gwajin ji a asibitin Korle Bu a Accra, akwai a asibitin Komfo Anokye a Kumasi, kuma gwajin ba ya ciwo, jariri yana barci ma ana yi masa.

16 Afrilu, 2025

Watan kayan aiki ne wannan. Zafi da laimar Accra ba sa shiri da na'ura. Zufa takan shiga makirufo sauti ya dushe, don haka kowane dare a akwatin busarwa take kwana, da rana kuma ina goge bayan kunne a kai a kai. Batir mai caji ba ya kai ni dare idan ranar ta yi hayaniya. Idan aka yi dumso, wato aka ɗauke wutar lantarki, babu caji sai in koma ƙananan batura masu lamba 675, waɗanda ake ɓare wa takarda a bar su su sha iska kamar minti ɗaya kafin a sa. Ba a kowane kemis ake samun masu ƙarfin da na'urar dashe ke so ba.

'Yar igiyar da ta haɗa injin da faifai ta tsinke daga ciki, sauti yana zuwa yana ɗaukewa, daga baya ya ɗauke duka. Sai da aka aiko da wata daga waje, na koma shiru na 'yan kwanaki. Duk mai shirin dashe ya sa wannan a lissafi: kuɗi ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata, kuma a ajiye igiya ta biyu a gida.

Dumso yana da wata illar a gare ni. Sanƙarau ya taɓa sashen kunne mai riƙe daidaiton jiki, da rana ido yana rufa mini asiri, cikin duhu kuwa tangaɗi nake yi. Tocila ba ta barin aljihuna.

25 Mayu, 2025

Muna cikin watan da sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikin Homowo. Majami'u sun sauke ganguna, lasifikokin waje sun yi sauƙi. Mutane da yawa suna ƙorafi kowace shekara, ni kuwa bana gari ya zo daidai kunnena. Ina raba kukan akuya da na jariri, ina jin sakwara ana kirɓawa a gidan maƙwabta, ina gane jirgin da ya taso daga filin jirgi tun kafin in ɗaga kai. Ruwan sama a kan kwano har yanzu rufe komai yake, idan ya sauko sai a jira ya tsagaita a ci gaba da hira.

Muryoyi sun fara komawa masu su. Ban san ranar da abin ya faru ba, kawai na lura uwargida ta yi magana daga kicin na san ita ce ba 'yarta ba.

Waya ita ce babban labari. Ɗana ya haɗa ta da na'urar ta Bluetooth, murya tana shiga kai tsaye ba ta bi ta iska ba. Da saƙonnin murya na WhatsApp na fara, don ana iya maimaitawa. Sai labarai a Marhaba FM da BBC Hausa. Masu karanta labarai suna fitar da harafi, ina bin su, shirin da masu sauraro ke bugo waya suna katse juna kuwa har yanzu ya fi ƙarfina. Jiya na kira Mma, mahaifiyata, a Aboabo. Tun da na kwanta ciwo ƙanwata ce ke tsakaninmu, tana rubuto mini abin da ta ce.

"Mma, ina wuni?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam ƙarami, kai ne da kanka? Kana ji na?"

"Ina jin ki, Mma. Ki yi a hankali dai."

Ba ta yi a hankali ba, addu'a ta ɓarke da ita tana kuka, rabin abin da ta faɗa ya wuce ni. Na yi ta cewa amin. Da ta natsu ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na amsa mata kowanne a kan tambayarsa.

20 Yuli, 2025

Na koma makaranta bayan Babbar Salla. Wannan shi ne abin da nake ta tsoro tun ranar da na farka a asibiti.

Ɗakin karatu idan yara duka suka ɗauka a tare, kowa da allonsa kowa da surarsa, babu abin da nake tsinta. Da can ina zaune a kan buzu nakan ji yaron da ya karkace a can ƙarshen ɗaki in gyara masa ba tare da na ɗago ba. Wannan baiwar ta tafi, kuma likita ba ta yi mini alkawarin dawowarta ba. Sai muka sake tsari ni da mataimakina, wanda tsohon ɗalibina ne. Shi yana riƙe da ɗaki, ni ina baranda, yara suna zuwa ɗaya-ɗaya su zauna ta damana su riƙe ɗan makirufon.

A haka ina kama abubuwa da yawa. Wanda ya tsallake aya, wanda ya gajarta madda, wanda ya tsaya inda ba a tsayawa, duk ba sa wuce ni. Ƙalƙala ma tana fitowa. Inda nake da shakka shi ne haruffan da mafitarsu ke kusa, sinun da sadun, ha mai sanyi da ha ta maƙogwaro, da gunnar da ba ta cika ba. A nan ina haɗawa da kallon baki, idan kuma ban tabbata ba sai in tura yaron wurin mataimakina. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, kai ma ka cika tsanani, wa zai sani?" Na ce masa karatun Alƙur'ani amana ce da aka karɓo baki da baki, ba zan wuce da yaro a kan harafin da ban tabbata na ji ba. Masu shirin sauka duka sai sun bi ta kunne biyu, nawa da nasa, kuma na faɗa wa iyayensu haka a fili.

Yaran sun riga manya gane yadda ake magana da ni. Sukan zagayo ta gaba, su bari in dube su, su yi magana yadda suka saba ba tare da ihu ba. Manya ne har yanzu ke ɗaga murya, alhali ihu murguɗa sauti yake yi a na'ura. Wani ƙaramin ɗalibi ya tambaye ni ko faifan yana ciwo. Na cire na manna masa a jikin ƙofar ƙarfe ya gani, na bayyana musu yadda yake aiki, har da dalilin da ya sa ba a sa tsinke ko ashana a kunne.

14 Satumba, 2025

An yi Maulidi. Mandiri da tafi suna zuwa mini daram, don na'ura ta ƙware a bugu. Karin ƙasida ne ya baje, ina jin baitin ina jin inda amshi zai shigo, amma hawa da saukar da ke sa tsigar jiki tashi babu su. Wanda na sani tun ƙuruciya zuciya takan rera mini shi daga ciki, sabo kuwa ba ya zama. Na yi kewar wannan ƙwarai.

Ranar Alhamis aka yi gwaji a ɗakin da ba ya shigar da sauti. Jimloli cikin shiru na kama mafi yawansu, da aka sa hayaniya a baya suka zube ƙasa da rabi. An ƙara mini saiti na biyu na wurin taro, wanda ke rage abin da ke fitowa ta baya da gefe. Na tambayi batun kunnen hagu, sabon hoto ya nuna ƙashi ya ƙara cike shi, likitan tiyata bai ba da shawarar a taɓa ba. An kuma jaddada mini in riƙa yawo da katin dashe, kuma kada a sa ni a injin hoton MRI sai an tuntuɓe su, saboda maganaɗisun da ke cikin kai.

Likitar ji ta ga jerin kalmomin 'yata ta roƙi a bar mata. Tana da masu jin Hausa da ke zuwa daga Madina da Ashaiman, ba ta da abin gwada su da harshensu. Mun fara ɗaukar jerin a waya da murya uku, ta namiji da ta mace da ta yaro, kowace kalma sau biyu, waɗanda karin sauti ya raba kuma a rukuninsu daban. Mun gama kayan kasuwa da lissafin kuɗi, saura gaisuwa da sassan jiki. Da dare muke ɗauka bayan an rufe injin niƙa na bayan gidanmu. Saiti na gaba a Disamba ne, muna so mu kai mata duka a ranar.